Kumburin Ranar Kawo Lefe

"Iya, ki sassauta! Wallahi numfashina zai ɗauke..."

"Haɗiye cikin nan, Mardiyya! Haɗiye shi na ce!"

Ta sake jan bakin zanen, ta zagayo da shi ta bayana ta soke. Sai da wani duhu ya gilma ta idona. Na dafa bango, zafi ya taso daga cibiyata ya harba har kafaɗata ta dama.

Kwana uku ke nan da yi mini aiki a Kano. Ba irin wanda ake farke mutum ba ne. Huji uku ƙanana suka yi mini, ɗaya a cibiya, biyu a ƙasan mara, suka zura na'ura mai ido suka ciro ƙarin da ya shekara yana murɗa ni. Tare da shi suka cire ma'ajiyar ƙwan haihuwata ta hagu, don ya riga ya lalata ta. Ta dama kaɗai ta rage mini.

Duk faɗin Haɗeja mu uku muka san wannan magana: ni, da mahaifiyata Iya, da yayata Bashira. Sauran jama'a an ce musu sayayyar kayan ɗaki muka je. Har Nu'uman, wanda saura kwana goma sha takwas a ɗaura mana aure, iyakar abin da ya sani ke nan.

Na ɗauka da an sallame ni wahala ta ƙare. Ina! Tun a mota cikina ya fara tashi. Wayewar garin nan kuwa ya yi tulu guda, ya yi tauri, kamar na mai wata biyar. Na tsorata tsoron da ban taɓa yi ba. Wani zubin in ce mantuwar wani abu suka yi a ciki, wani zubin in ce ƙarin ne ya dawo.

Iya ta ba ni ruwan kanwa. Ta sa an sayo lemon kwalba biyu ta ce in shanye zai sa ni gyatsa. Ta hana ni ko leƙa tsakar gida, ta ce motsi ne ke tayar da shi. Yanzu kuma ga ɗaurin ciki irin wanda ake yi wa mai jego, don yau dangin Nu'uman za su kawo lefe.

"Iya, don Allah mu faɗa masa gaskiya..."

Ta ɗago a fusace. "Ki faɗa wa wa? Kina son ki zama Bashira ta biyu?"

Ƙarar keken ɗinki da ke tashi daga ɗakin Yaya Bashira ta tsaya cak, sannan ta ci gaba.

Shekara tara ke nan da aka yi wa Yaya Bashira aikin ƙari ana saura wata guda bikinta. Magana ta fita gari cewa an farke ta, ba za ta haihu ba. Dangin mijin suka zo da mota suka kwashe akwatunansu rana tsaka, unguwa tana kallo. Da, in ana biki a unguwarmu ita ake nema ta yi guɗa, don muryarta har bakin kogi ake jin ta. Tun daga ranar ba wanda ya sake jin guɗarta.

"Kwanta," in ji Iya, muryarta ta yi laushi. "Amarya ba ta fitowa ranar lefe, ba mai neman ki. Ki lulluɓa kawai, 'yar albarka. Yau ɗaya ce."

Da hantsi suka iso. Ina kwance ina jiyo sallama da guɗa da jan akwatuna, ina ƙirga numfashina. Zanen nan yana cizon hujin cibiyata. Na ce a raina, Ya Allah ka sa su sha ruwa su tafi.

Sai na ji wata murya mai kauri.

"Ina amaryar tamu? Ni fa tun daga Miga na taso, ba zan koma ban sa ta a idona ba."

Gwaggo 'Yar'azumi ce, yayar mahaifin Nu'uman. Tun da mahaifinsa ya rasu, abin da ta faɗa a gidansu shi ake yi. Kuma ungozoma ce, shekara talatin tana karɓar haihuwa. An ce daga tafiyar mace take gane watannin cikinta.

"Ai kunya take ji, Hajiya," na ji Iya tana faɗa da wata dariya wadda ba ta kai ciki ba. "Kuma da ɗan zazzaɓi ta kwana..."

"To ai dubiya ta kama ni ke nan."

Labule ya ɗaga. Ta shigo, mata huɗu na biye da ita, wasu suna leƙe daga ƙofa. Dole in tashi, dole in durƙusa. Wace amarya ce za ta gaida gwaggon miji daga kan gado?

Na zuro ƙafafuna ƙasa. Ban san lokacin da hannuna ya tafi ya tallafe ƙuguna ba. Na fara sauka a hankali, ƙafa a buɗe, ina cije leɓe.

"Ina kwananku, Gwaggo... kun zo lafi..."

Gwiwata na taɓa ƙasa, bakin zanen da Iya ta soke ya kwance. Cikin ya turo rigata gaba. A daidai nan ƙamshin turaren da suka sha ya bugi hancina, zuciyata ta tashi, na toshe baki ina yunƙurin amai.



Gwaggo ta dubi hannuna da ke ƙugu. Ta dubi cikin. Ta daɗe tana kallonsa. Ta juya ta dubi Iya, sannan ta gyara mayafinta.

"Tashi, 'yar nan, kada ki wahalar da kanki," ta ce a hankali. Har ta kai ƙofa ta waiwayo. "Allah ya raba lafiya."

Innalillahi! Addu'ar masu ciki ta yi mini, a gaban mata takwas.

Daga tsakar gida na ji tana cewa, "A bar akwatunan nan a rufe tukuna, kada a buɗe ko ɗaya." Ba su ci abincin da aka dafa musu ba. Ko tukuicin da Iya ta miƙa ba su karɓa ba.

Na fashe da kuka, kukan ma yana ja mini ciwo. Iya ta shigo ta ɗauki zanen za ta sake ɗaura mini.

"Ki yi shiru, ki yi shiru! Kwana nawa ne? Cikin zai sace, su da kansu za su ji kunya."

"In ya sace su ce me, Iya? Na yi kwana huɗu a Kano, an gan ni da ciki, ciki ya ɓace. Cewa za su yi zubarwa na yi!"

Zanen ya faɗi daga hannunta. Ta zauna daɓas a bakin gado. Wallahi sai a lokacin ta hango abin da na hango.

"In mun yi shiru a ce ke 'yar iska ce," ta faɗa kamar mai magana da kanta. "In mun yi magana a ce juya ce. Wayyo ni, ina zan sa kaina?"

Wayata ta hau ruri a kan matashi. Nu'uman. Ta katse, ta sake. Ina kallon sunansa, hannuna ya kasa zuwa. Shekara biyu muna tare, ko yatsana bai taɓa riƙewa ba. Me zai ɗauka yanzu? Sai da ya kira sau goma sha ɗaya, sannan wayar ta yi shiru. Shirun nan ya fi kiran tayar mini da hankali.

Yaya Bashira ta shigo. Ta wuce inda Iya ke jera kwallayenta, ta sauke uku, ta buɗe ta ƙarƙashi, ta ciro wata ambulan.

"Bashira! Ajiye wannan!"

"Takardar sallamarta ce, Iya. Yarinya na cikin mayen allura aka ba ki, kika zo kika binne ta a kwalla don kada wani ya gani. Ko karanta ta ba a yi ba." Ta juyo gare ni. "Ga lambar likitarki a ƙasa. Kira ta yanzu."

Likita Ummussalma ta ɗauka a bugu na biyu. Na zayyana mata komai ina sheshsheƙa.

"Jikinki da zafi?"

"A'a, Likita."

"Kin yi amai?"

"Tashin zuciya dai."

"Bayan gida fa? Iska tana fita?"

Kunya ta kama ni. "Kaɗan-kaɗan... jiya."

"To kwantar da hankalinki. Lokacin aikin iska muke hurawa a ciki don mu samu sararin gani. Ragowarta ce take damun ki, ita ce ma take harba miki kafaɗa, ga hanjinki bai gama farkawa ba. Duk na rubuta a takardar. Kina tattaki kamar yadda na ce?"

"Kwance nake tun da muka dawo. Iya ta ɗaure mini cikin, ta ba ni kanwa da lemon kwalba..."

"Subhanallahi! Ɗauri a kan ɗinki? A kwance shi, a daina lemon nan da kanwar. Ki sha ruwan ɗumi, ki tashi ki yi ta tafiya a hankali, safe da yamma. Tafiyar ce maganinki. Amma ki ji ni da kyau, in zazzaɓi ya zo, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ciwon ya ƙaru, ki tafi asibiti mafi kusa nan take, sannan ki kira ni."

Na ajiye wayar. Ashe ba mutuwa zan yi ba. Amma ban ji sanyin da ya kamata in ji ba, don abin da nake tsoron rasawa yana nan a inda yake.

Yaya Bashira ta durƙusa gaban Iya.

"Iya, shekara tara ina riƙe da wata magana. Ranar da aka kwashe akwatunana, shi wancan ya aiko mini da saƙo. Ya ce da daga bakina ya ji, da ya tsaya mini ko danginsa za su mutu. A kasuwa ya ji, Iya. A bakin mai sayar da kifi. Ya zo ya tambaye ki, kika rantse masa ƙarya ne."

Iya ta rufe fuska da mayafi.

"Ban faɗa miki ba don kada in ƙona miki rai. Amma ba zan zauna ina ɗinki a sake yin irinta ba."

Bayan la'asar na ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Na san ƙararsa ko cikin babura ɗari. Na zura hijabi, na ɗauki ambulan. Iya ba ta hana ni ba.

Daga ɗakina zuwa zaure taku ashirin ne, amma sai da na huta sau biyu.

Yana zaune a kan benci, ƙafafunsa duk taɓon fadama. Malamin gona ne, daga wajen manoman shinkafa ya taho ko gida bai biya ba. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Yaya Nu'uman, ina wuni..."

"Gwaggo ta kira ni ta faɗa mini wata magana," ya ce, bai amsa gaisuwar ba. "Na ce mata ƙarya ne. Na ɗaga mata murya, Mardiyya, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na kira ki sau goma sha ɗaya don in ji kin yi dariya kin ce sharri ne." Ya ɗago ya dube ni. "Yanzu kuma na ga yadda kika shigo."

"Ba abin da kake zato ba ne!"

"To mene ne? Ki faɗa mini, don Allah! Zuciyata za ta fashe!"

Na miƙa masa ambulan ɗin da hannu biyu.

"Ba sayayya muka je Kano ba. Aiki aka yi mini. Wannan da kake gani iska ce, likita ta ce za ta fita. Amma..." Na sunkuyar da kai. "Amma sun cire ma'ajiyar ƙwai ta hagu. Ɗaya ta rage. Ta ce zan iya haihuwa in Allah ya so, sai dai ni ba zan yi maka alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Kai kaɗai ne namiji a gidanku, na sani. In ka fasa, ba zan riƙe ka a zuci ba."

Ƙarya na yi. Da ya fasa, ban san yadda zan rayu ba.

Ya karanta takardar tun daga sama har ƙasa. Ya sake komawa sama.

"Ranar Litinin?"

"Litinin."

"Ƙarfe nawa?"

"Sha ɗaya na safe."

"Sha ɗaya..." Ya yi wani murmushi mai ciwo. "Sha ɗaya ina Baturiya, masunta sun gasa mini kifi, ina ci ina ƙyaƙyata dariya. Ke kuma kina kwance an sa miki wuƙa." Ya miƙe. "Da ba ki farka ba fa? Sai a ce mini wajen sayen kwanuka kika mutu?"

"Ka yafe mini..."

Ya ninke takardar ya zura a aljihu. "Ina zuwa."

Ya fita. Babur ya tashi, ƙararsa ta yi nisa har na daina ji.

Na koma ciki ina bin bango. Iya tana ganin fuskata ta ɗora hannu a ka. Can sai na ga ta tashi tana jan akwatunan lefe ɗaya bayan ɗaya zuwa bakin zaure.

"Gara su same su a kusa," ta ce, hawaye na zuba. "Kada su shigo mana har tsakar gida kamar wancan karon."

Na zauna a kan turmi ina kallon akwatunan nan guda shida. Duk motar da ta gifta a layi sai gabana ya faɗi. Rana ta yi sanyi, inuwar katanga ta rufe tsakar gida, ba labarinsa.

Sai ga ƙarar babur. Sai ga sallamar Gwaggo 'Yar'azumi, gajeriya. Ta tsallake akwatunan ko kallonsu ba ta yi ba.

"Shiga ɗaki ki kwanta," ta ce da ni.

Na kwanta. Ta ɗaga rigata. Ta dubi filasta uku, ta dubi shatin zane da ya kwanta ja a fatata. Ta hura tafin hannunta ya yi ɗumi, ta ɗora a gefen cikin a hankali, ta ƙwanƙwasa da yatsa. Ya amsa kamar ganga.

"Iska ce," ta ce. Ta sake ƙwanƙwasawa. "Wallahi iska ce. Shekara talatin, yau idona ya yaudare ni, don ban sa hannu ba na yanke hukunci." Ta juya ga Iya. "Ke kuma, baiwar Allah, wa ya ce miki ana yi wa mai ɗinki ɗaurin jego? Kashe ta za ki yi don kunyar mutane?"

"Tsoro ne, Hajiya," in ji Iya. "An taɓa yi mini."

Gwaggo ta dubi Yaya Bashira da ke tsaye a ƙofa. Da alama ta san labarin.

"Yaron nan ya karanta mini takardar kaf, bai ɓoye komai ba," ta ce. "Sannan ya ce in na sa aka ɗauki akwati ɗaya daga gidan nan, in nema masa wurin zama a wani gari. Ni kuwa na ga mata masu komai cikakke da ba su taɓa goyo ba, na ga wadda aka yi wa aiki tana goyon na huɗu. Wannan na Allah ne." Ta sauke mini riga. "Abin da yake nawa shi ne maganar da na saki gaban mata takwas. Yanzu haka ta kai kasuwar kifi. An ce tafiya ce maganinki ko? Ɗauko mayafinki."

"Waje, Gwaggo? Da wannan cikin?"

"Da shi fa. Ni na ɓata, ni zan gyara."

Abin da muka kwana uku muna ɓoyewa shi za a kai titi. Na dubi Iya. Ta share ido, ta ɗauko mayafin da kanta ta yafa mini.

Gwaggo ta riƙe hannuna muka fito. Nu'uman yana tsaye jikin babur, ya bar shi nan ya biyo mu a baya. Layin cike yake da mutane, ga mata a bakin ƙofofi, kuma daga yadda hira ta ɗauke na san maganar ta riga mu fitowa.

"Salamu alaikum, masu gida!" Gwaggo ta ɗaga murya a ƙofar farko. "Ku yi wa amaryarmu sannu! Aiki aka yi mata a Kano, iskar aikin ce ta kumbura ta. Ni 'Yar'azumi na yi mata mugun zato da safe, na duba da hannuna, na ji kunya!"

Haka ta yi a ƙofa ta biyu, da ta uku. Ni dai kaina a ƙasa, gumi na tsatstsafo mini, ina jiran in ji dariya. Sai na ji wata tsohuwa ta ce, "Ayya, sannu 'yar nan, Allah ya ƙara sauƙi." Wata ta miƙo mini kujera, Gwaggo ta ce a'a, tafiya aka ce.

A hankali muka kai jingar da aka yi don tare ambaliya. Kogi ya cika fal, shinkafa ta yi jawur a fadama. Gwaggo ta saki hannuna ta yi gaba kaɗan, wai tana kallon masu kwalekwale.

Nu'uman ya matso gefena.

"Har yanzu fushi nake da ke," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Na sani."

"Mardiyyata, ni ke na gani na ce ina so. In Allah ya ba mu 'ya'ya, mun gode. In bai ba mu ba, ke ɗin dai nake so a ɗakina. Amma ko ƙaya ce ta soke ki, ni zan fara ji. Kin yi alkawari?"

Na buɗe baki in ce na yi. Maimakon magana sai wata irin gyatsa ta kufce mini, doguwa, mai ƙara, har wani mai kwalekwale ya waiwayo.

Na rufe fuska, na so ƙasa ta tsage in shige.

"Alhamdulillahi!" in ji Gwaggo daga can. "Ƙaro wata!"

Nu'uman ya yi dariya har da riƙe ciki, idanunsa kuwa cike da ƙwalla. Ni ma na fara, ɗinki ya ja ni, na dafe mara ina dariya ina kuka. Karon farko cikin kwana uku na ja numfashi ya sauka har ƙasa.

"Na yi alkawari, masoyina," na ce.

Mun juyo za mu koma ke nan, wani ya taho da gudu-gudu ya ce wa Gwaggo matan da suka tafi da safe sun dawo, suna tambaya ko a buɗe akwatuna. Ta ce a buɗe mana, me ake jira?

Ba mu kai rabin hanya ba na ji ta. Guɗa ce ta taso daga wajen gidanmu, siririya, doguwa, ta ratsa unguwa ta iso har bakin kogi. Na tsaya cak.

"Lafiya? Ciwon ne?" Nu'uman ya tambaya a firgice.

Na girgiza kai, hawaye na bin kumatuna.

"Yaya Bashira ce," na ce.